Maganar Bindigar Farauta: Kada Mu Sayar Da Sa Mu Sayi Rigima

Bayan gaisuwa mai yawa ga shugabannin ƙungiya, da iyayen gidanmu alhazai, da dillalai, da 'yan kore masu takawa da ƙafa, muna roƙon a ba mu ɗan fili a wannan takarda tamu mu tofa albarkacin bakinmu a kan wata magana da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, daga rumfunan shayi na Kilomita Biyar har zuwa kara ta Bubuwi da ke kilomita 45 a kan hanyar Bowali. Maganar kuwa ita ce ta bindiga. Kusan duk wanda kura ta taɓa ɗauke wa maraƙi a zango, ko zaki ya karya wa bijimi a hanyar Ndele, tambayarsa ɗaya ce: wace bindiga ce mai sauƙin kuɗi wadda za ta yi maganin kura da dila, in kuma hali ya yi a harbi babban nama da ita?

Tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa. Amma mu a namu ganin, wanda ya amsa ta da sunan bindiga kawai ya cuci mai tambaya, domin kuɗin da ake biya wa mai kanti shi ne mafi ƙanƙanta cikin kuɗin da bindiga take ci. Saboda haka za mu bi maganar daki-daki.

Mece ce bindiga mai sakata?

Irin da ake yawan tambaya a kai ita ce wadda muke kira mai sakata, watau wadda ake ɗaga ƙarfen nan na gefe a ja shi baya kwanso ya fita, a tura shi gaba sabon harsashi ya shiga, a kulle, kamar dai yadda ake zare sakatar ƙofa a mayar. Harbi ɗaya, ja ɗaya. Cikin bututunta akwai zane a murɗe wanda ke sa harsashi ya fita yana juyawa, shi ya sa take kai wa nesa kuma take samun abin da aka auna. Ta bambanta da kalibar 12 da kowa ya sani, irin su Baikal ta Rasha da tsohuwar Simplex ta Faransa, waɗanda bututunsu sumul yake kuma suke watsa ƙananan dalma.

Tsarin nata tsoho ne. Wanda aka fi kwaikwaya shi ne na Mauser, na ƙasar Jamus, na shekarar 1898, kuma har yau kamfanoni suna ƙera bindigogin farauta a kansa, alal misali Zastava ta Sabiya. Abin da ya sa ta daɗe haka shi ne ƙarafunanta kaɗan ne, ba ta cika cijewa ba, mutum na iya zare sakatar ya goge ƙura da tsumma ya mayar ba tare da ya je wurin maƙeri ba. A Amurka akwai masu araha irin su Savage Axis da Ruger American, waɗanda sababbinsu ba su cika wuce dala 400 zuwa 600 ba. Akwai na tsakiya irin su CZ ta ƙasar Cek da Tikka ta Finlan. To amma kowa ya sani farashin Amurka daban, farashin Bangui daban. Kafin kaya su shigo ta Duwala su bi Garwa-Bulai da Beloko, a biya duwan, a biya takardu, kuɗin ya riga ya ninka.

Takarda kafin bindiga

Jama'a, wannan ita ce gaɓar da ake tsallakewa, alhali ita ce ta farko. A ran 5 ga Disamba 2013 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa wa ƙasar nan takunkumin makamai. A watan Yuli na 2024 aka ɗage shi, amma aka bar hanin kai wa ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai. Wasu da suka ji an ɗage sai suka ɗauka kasuwa ta buɗe ga kowa. Ko kusa. A shekarar 2020 ƙasar nan ta yi sabuwar dokar makamai da harsasai, a cikin shekarar kuma ta yi sabuwar dokar namun daji wadda ta maye gurbin ta 1984. Farar hula ba ya riƙe bindiga sai da iznin hukuma, kuma iznin riƙe bindiga daban yake da lasisin farauta, wanda ke hannun Ma'aikatar Ruwa da Dazuzzuka da Farauta da Kamun Kifi. Tun a tsohuwar doka an raba farauta gida-gida, akwai ƙarama, akwai matsakaiciya, akwai babba, kowace da takardarta da kuɗinta. Wanda ke da takardar harbin zabo da gada, in ya harbi ɓauna, a idon doka ɓarawon daji ne.

Daɗin daɗawa, mu mutanen kan iyaka ne. Yau muna Buwar, gobe muna Ngawi ko Maiganga, jibi wani ya wuce Mubi, wani ya yi arewa wajen Sido, wani ya haye kogi zuwa Zongo. Takardar da aka ba mutum a Bangui, a Beloko take ƙarewa. Kamaru tana da nata dokar makamai ta 2016, kuma a watan Afrilu na 2018 gwamnatinta ta hana sayar da bindigogin farauta da harsasansu a jihohi shida, har da Adamawa, wadda ita ce ƙofarmu. A Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja masu faɗin baki 7.62 da .303 cikin haramtattu, bindigar farauta kuwa sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Ga kuma Yarjejeniyar Kinshasa ta 2010, wadda ta fara aiki a 2017, inda ƙasashe 11 na tsakiyar Afirka, har da mu da Kamaru da Cadi da Kongo biyu, suka sa hannu a kan sa ido ga ƙananan makamai. Masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun sha rubuta rahoto a kan harsasan farauta da ake satar shigowa da su ƙasar nan ta iyakar Kamaru da ta kogi. Ke nan jandarman da ya ga kwalin harsashi a ƙarƙashin kujerar mota, ba farautar gada za ta fara zuwa masa a rai ba.

Sai a yi lissafi irin namu na 'yan kasuwa. Mota ɗaya ta shanu tana ɗauke da jarin mutum uku ko huɗu. In aka sami bindiga marar takarda a cikinta, za a tsare direba, a tsare mota, shanu su kwana biyu ko uku a tsaye cikin rana ba ruwa ba ciyawa, wasu su kwanta, wasu su mutu, mai bindiga kuma ya wuce gidan yari na Ngaragba. Bindigar da aka saya da kuɗin sa ɗaya ta ci garke. Shi ya sa muke cewa wanda zai sayi bindiga ya ajiye ta inda dabbobinsa suke kiwo, cikin ƙasar da ta ba shi takarda. Ba kayan tafiya ba ce.

Bindiga ɗaya ba ta yin aiki biyu

To, a ce mutum ya bi hanya ya sami takardunsa. Wace zai saya? A nan ne masu talla suke yaudarar mutane, su ce ga guda ɗaya da za ta yi maka daga gafiya har ɓauna. Ai ko a sana'armu wuƙar da ake fiɗa da ita ba ita ake sara ƙashi da ita ba. Abin da ake zaɓa da farko shi ne harsashi, bindiga tana biyo baya.

Dila bai fi kilo 15 ba. Kura mai dabbare-dabbare takan kai kilo 50 zuwa 70. Ɓauna kuwa tana wuce kilo 400, ga fata mai kauri, ga ƙashi, ga zuciya. Yanzu a dubi nauyin dalmar da ke fita daga baki. Ƙaramar nan .22 dalmarta ba ta kai giram 3 ba, ta zomo ce da zabo da gafiya, kuma harsashinta shi ya fi kowane araha. Wanda ya harbi kura da ita sai dai ya ji mata rauni ta tafi ta zama mugunta. Ta .243 Winchester, wadda ta fito a 1955, dalmarta takan kai giram 6 da rabi, ta isa dila da kura da gada da mazo, kuma ba ta da shuri mai yawa a kafaɗa. Daga nan sai 7×64 ta Jamus da .270 Winchester, masu dalmar giram 8 zuwa 11, waɗanda suka isa kanki da gwanki in an auna daidai. Sa'an nan manya: 9.3×62, wadda wani maƙerin bindiga na Balin mai suna Otto Bock ya fito da ita a 1905 musamman saboda Turawan da ke zaune a Afirka, dalmarta giram 18 da rabi, da.375 ta kamfanin Holland & Holland na Landan, ta 1912, mai kusan giram 19 da rabi. Wannan ta ƙarshe ita ce ƙasashe da dama na Afirka suka sa a matsayin mafi ƙanƙantar abin da za a fuskanci ɓauna ko zaki da shi.

Masu karatu za su lura ba mu ambaci .308 da .30-06 da .223 ba, alhali su ne suka fi yawa a duniya kuma harsashinsu ya fi sauƙi. Da gangan ne. Dukkansu 'yan uwan harsasan soja ne: .308 tagwaye take da 7.62 ta sojan Nato, .223 kuma da 5.56, .30-06 kuwa ita ce sojan Amurka suka yi yaƙin duniya biyu da ita. Faransa kanta, wadda dokokin ƙasashenmu suka ɗauko tsari daga gare ta, sai a 2013 ta daina lissafa irin waɗannan cikin makaman yaƙi, shi ya sa maharbanta suka daɗe suna amfani da 7×64. A shingen hanya, ƙarfe goma na dare, ba wanda zai tsaya ya saurari bayanin bambancin harsashin farauta da na soja. Wanda ya zaɓi harsashin da bai taɓa zama na soja ba ya rage wa kansa dogon turanci.

Haka nan tsofaffin bindigogin soja masu sakata da ke yawo a hannun mutane, irin su MAS 36 ta Faransa, da Lee-Enfield ta Ingila, da Mosin ta Rasha. Su ne suka fi araha, kuma su ne suka fi tsada. An ƙera su don yaƙi, sun fito daga rumbun wata gwamnati ta hanyar da mai sayarwa ba zai faɗa ba, kuma ba wanda ya san abin da aka aikata da su kafin su iso hannunsa. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma ba a zuwa kasuwa a saye shi.

Saboda haka in za a bi shawararmu, mai garke da ke son bindiga mai sakata guda ɗaya ya tsaya a .243, in kuma yana da lasisin da ya kai ga manyan gwanki ya hau 7×64 ko .270. Kafin ya biya ko sefa ɗaya, ya tabbata akwai dillali mai lasisi da ke da harsashinta, domin bindigar da ba harsashi sanda ce, sandar ma ta makiyayi ta fi ta amfani. Maganar ɓauna kuwa, mu bar ta. Bindigarta tsada, harsashinta ɗaya ya fi kwalin .22 kuɗi, lasisinta tsada, kuma wuraren da ta rage yawanci yankunan farauta ne da gwamnati ta ba kamfanoni haya, ko kuwa gandun daji ne da aka hana taɓawa. Ɓaunar da aka ji wa rauni tana shiga ciyawa ta kewayo ta jira mai harbi. Mutumin da Allah ya hore wa shanu ɗari, me zai kai shi neman nama a bakin ƙahon ɓauna?

A zango da dare

Akwai kuma wata gaskiya da masu sha'awar mai sakata ba su son ji. Kura ba ta zuwa da rana tsaka a fili ta tsaya a nisan mita 150 tana jiran a auna ta. Da dare take zuwa, ta gefen garke, shanu sun firgita suna zagaye, makiyayi yana gudu da tocila, yara suna cikin bukka. Harsashin .243 ko 7×64 yana ratsa kura ya wuce, in bai sami kome ba yana iya tafiyar kilomita 3 ko fiye. Ko ƙaramar .22 tana wuce kilomita ɗaya da rabi. A cikin duhu, bayan kura akwai saniya, bayan saniya akwai mutum. A irin wannan wuri kalibar 12 mai baki ɗaya ta fi dacewa: dalmarta ba ta tafiya nesa kamar ta mai sakata, ƙararta ta isa ta kori abin da ya zo, kuɗinta kaɗan ne, harsashinta kuma shi ne aka fi samu a ƙasashen nan, tun da a Fuwan-Nuwar ta Kongo akwai masana'antar MACC da ke yin sa. Bilhasali mafi yawan masu tambayarmu mai sakata, abin da suke bukata ke nan. Ita ma dai da takarda.

Wanda ya kashe zaki ko damisa don kare dukiyarsa, kada ya fiɗe ya ɓoye fata ya yi shiru. Ya kai rahoto ga ma'aikatan dazuzzuka mafi kusa. Fatar damisa a cikin jakar falke a kan iyaka, shari'arta ta fi ta saniyar da aka rasa nauyi nesa ba kusa ba.

In za a sayi ta hannu

Yawancinmu ta hannu za mu samu, to sai a duba ta kamar yadda ake duba sa a kara, ba a saye da jin labari. Da farko lamba: ta kasance a fili, ba a goge ba, ba a sake bugawa ba, kuma ta yi daidai da wadda ke cikin takardar mai sayarwa. In an goge lamba, a yi sallama a tashi, ko da kyauta ce. Na biyu, a zare sakata a leƙa bututu ta wajen haske. Ƙasar nan ruwan sama yake yi wata bakwai ko takwas, tsatsa tana cin bututu daga ciki, zanen nan ya shafe, bindiga ta riƙa jefa harsashi inda ta ga dama. Na uku, a duba ƙota wajen wuya ko ta tsage. A daminarmu itace yana kumbura yana karkacewa, ƙotar roba ta fi jimiri ko da ba ta da kyan gani. Na huɗu, a gwada makullin tsaro da kunama ba harsashi a ciki; wadda ke tashi da an ɗan buga gindinta a ƙasa, makashiyar mai ita ce. Madubin hange kuwa, mai araha ya fi rashinsa sharri, domin girgizar babur kaɗai ta isa ta karkatar da shi. Gara saitin ƙarfe na asali. Daga ƙarshe, sauya suna a takarda ya zama gaban hukuma. Cinikin amana da muke yi a kan shanu, a tafa hannu a gama, ba ya aiki a kan bindiga.

A gida kuma a kulle ta, a zare sakatar a ajiye daban, harsashi daban. Wannan ma wata falala ce ta mai sakata: in an cire ƙarfen nan, yaro ko ɓarawo ya ɗauke ta bai ɗauki kome ba.

Abin da malamai suka karantar da mu

Duk wanda ya yi Risala a makarantar Islamiyya ya wuce ta babin layya da yanka da farauta. An karantar da mu cewa farauta don abinci halal ce, don wasa da nishaɗi kuwa abin ƙi ce. Malaman Malikiyya na baya, irin su na birnin Fas, sun halatta naman da harsashi ya kashe matuƙar an ambaci sunan Allah lokacin harbi, in kuma an riski dabba da sauran rai sai a yanka. Gadu dai alade ne, ko an harbe shi saboda ɓarna ba a ci. Ga kuma wata mas'ala da ta shafe mu kai tsaye: a mashhurin mazhabarmu, dabbar gida ba ta halatta da abin da naman daji ke halatta da shi. Watau bijimin da ya ƙwace a wajen lodi ya shiga daji, in aka harbe shi ya mutu kafin wuƙa ta kai wuyansa, ya zama mushe. An yi asarar sa, an yi asarar harsashi. Sa'an nan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa. Samarinmu masu ɗaukar hoto da bindiga su sa a waya, a ja musu kunne.

Ba maganin zargina ba ce

Yanzu sai mu zo kan abin da ke cikin zukata wanda ba a cika faɗa a fili ba. Da yawa cikin masu cewa kura, ba kura mai ƙafa huɗu suke nufi ba. Tun shekarun 1980 zargina suke tare hanya a yamma da arewacin ƙasar nan, suna sace 'ya'yan Fulani a sayar da shanu a fanshe su. A shekarun 1990 har Fulani suka kafa ƙungiyoyin 'yan baka don su bi sawunsu. Bayan 2013 kuma abin ya zama na ƙungiyoyi masu shinge da rasit. Ba wanda zai ce wa falke tsoronsa ba shi da dalili.

Amma a yi wa kai adalci. Mutum ɗaya da bindiga mai cin harsashi huɗu ko biyar, ja ɗaya harbi ɗaya, a gaban mutum goma masu Kalashnikov, me zai yi? Wanda aka tare ba makami yakan rasa kuɗi ya tsira da rai. Wanda aka tare da bindiga yakan rasa duka biyun, bindigar kuma ta ƙaru a hannun ɓarayi. In ya ce to bari ya sayi irin tasu, ya fita daga sahun 'yan kasuwa ya shiga wani sahu, kuma ya ba masu cewa kowane mai shanu ɗan tawaye ne hujjar da suke nema. Wannan tambarin ya jawo wa Musulmin ƙasar nan abin da ya jawo a 2014, lokacin da aka watse daga Yaloke da Bosambele da Bowali, kasuwar shanu ta tsaya, nama ya gagari mutanen Bangui.

Mu mutanen Kilomita Biyar ba sai an ba mu labari ba. Samarin da suka ɗauki makami da sunan kare unguwa, an yi musu addu'a, an tara musu kuɗi. Ba a jima ba suka koma karɓar haraji a kan kowane shago da kowace mota da ta sauke kaya. A watan Afrilu na 2018 sojojin MINUSCA suka shigo don su kwance su, aka yi asarar rayuka, abin bai ƙare ba. A ƙarshen Disamba 2019 'yan kasuwa da kansu suka ce sun gaji, aka gwabza, fiye da mutum 30 suka mutu, shaguna suka ƙone, sa'an nan aka ayyana unguwar a matsayin wurin da ba a yarda da makami ba. Bindigar da aka shigo da ita don tsaro ita ce ta koma tana karɓar la'ada a kan guminmu. Wanda ya ga wannan da idonsa bai kamata ya kawo ko ta farauta cikin unguwa ba. Wurinta daji.

Abin da ya fi bindiga araha

In kura da zaki ne damuwar da gaske, akwai magungunan da ba su bukatar takarda. Shingen ƙaya mai kauri da tsawo, a sa maruƙa a tsakiya. Karnuka biyu ko uku. Wuta a gefen da iska ke fitowa. Makiyayi na biyu da za a biya shi hakkinsa ya yi gadi, maimakon a bar yaro ɗaya da shanu tamanin. A Kenya wani yaro Bamasaye mai suna Richard Turere ya haɗa fitilu masu walƙiya da batir da faifan hasken rana ya kewaye garken ubansa, zakuna suka ɗauka mutum ne ke yawo da tocila suka daina zuwa, yanzu ana amfani da dabarar a wurare da yawa. Kayan haɗa irin wannan duk akwai su a kasuwarmu, kuɗinsu bai kai na karsana ba.

Guba kuwa, don Allah a bari. Wanda ya zuba wa mushe magani don ya kashe kura ɗaya, yana kashe ungulaye da karnukan makiyaya, ruwa ya wanke sauran zuwa rafin da shanunmu ke sha. Kuma irin wannan aiki shi ke sa masu gandun daji su ɗauke mu abokan gaba. Gandun Manovo-Gunda ya shiga jerin kayan tarihin duniya a 1988, a 1997 aka sa shi cikin waɗanda ke cikin haɗari, kuma cikin dalilan da aka lissafa har da shigar shanu da farautar sata. A Cinko, inda ƙungiyar African Parks take aiki tun 2014, sun ɗauki ma'aikata daga cikin makiyaya, marasa makami, suna zuwa su nuna wa masu garke hanyar da za su kewaye. Inda ake magana da mu da baki, bai kamata mu amsa da bindiga ba.

Kiranmu ga ƙungiya

Muna kira ga shugabanni da su zauna da hukumomin tsaro da Ma'aikatar Dazuzzuka, tare da ƙungiyar makiyaya ta ƙasa FNEC, a samo bayanin takardun da ake bukata da kuɗin kowace, a rubuta da Hausa da Fulatanci da Sango a manna a kara. A buɗe littafi na 'yan ƙungiya masu bindiga da takarda, domin ran da aka kama wani a san na gaskiya a tsaya masa. A kuma yi doka tsakaninmu cewa ba a sa makami a motar haɗaka, wanda ya saɓa ya ɗauki asarar 'yan uwansa. Kuɗin da mutum goma za su kashe a kan bindiga goma, in aka haɗa shi ya isa a gyara zango biyu a biya masu gadi shekara.

Wanda duk da haka ya ga lalle yana bukata, ga taƙaitawa: takarda tukuna, harsashin da ba na soja ba, lamba a fili, ajiya a ruga, kada ta ga kan iyaka, kada ta ga unguwa. Iyayenmu sun kora shanu da ƙafa daga Cadi da Adamawa har bakin kogin Ubangi da sanda da carbi da kyakkyawar mu'amala, kuma sunan da suka bari shi muke ci har yau.

Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu, ya ba ƙasar nan zaman lafiya mai ɗorewa, ya sa albarka a cinikinmu. Amin. Wassalamu alaikum.

Daga ɗan'uwanku dillalin shanu,
Unguwar Kilomita Biyar, Bangui.